Roba Ba Ta Mantuwa: Yadda Zafi Ke Tona Tarihin Gora

Duk wanda ya taɓa ɗura tafasasshen zoɓo cikin gorar roba ya san abin da ke biyo baya: nan take gorar za ta motse, ta karkace. To, me ya jawo haka, alhali robar da aka yi ta da ita, wato PET, ba ta narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 250 a ma'aunin Salshiyas?

Amsar tana cikin yadda aka sarrafa ta. PET polima ce, ma'ana ƙwayoyinta dogaye ne kamar zare, kuma a cukurkuɗe suke. A masana'anta akan ɗumama ɗan bututun roba zuwa wajen digiri 100, a miƙar da shi, a hura masa iska, sannan a sanyaya. Sai zaruruwan su sandare a miƙe. Da zarar zafi ya wuce digiri 70 zuwa 80, sai su sami sukunin motsi, su nemi komawa yadda suke. Wannan shi ne motsewar.

Masana na gano irin wannan tarihi da na'urar DSC, wadda Watson da O'Neill suka ƙirƙiro a Amurka a 1962. Akan sa ɗan ƙanƙanen yankin roba, kimanin miligiram 10, cikin mitsitsin kasko, a ajiye wani kaskon wofi a gefensa. Sai a riƙa ɗumama su tare, galibi digiri 10 kowane minti, na'urar tana auna bambancin zafin da kowanne ke sha.

Idan an sanyaya PET da gaggawa bayan narkewa, alamu uku kan bayyana: laushi a wajen digiri 75, jeruwar zaruruwa a wajen 130 inda robar ke fitar da zafi, sai narkewa. In kuwa a hankali ta huce, alamar tsakiya ba ta fitowa, domin zaruruwan sun riga sun jeru. Irin wannan robar fara ce, ba a hango abin da ke cikinta.

Amfanin wannan awo ba kaɗan ba ne. Da shi masana'anta ke tabbatar da ingancin gorunan da ake cikawa da abin sha mai zafi. Masu sake narka tsohuwar roba kuma suna gane ko ta gauraya da robar murfi, wadda ke narkewa tun kafin digiri 170, domin gaurayen kan ɓata kaya. Ɗalibi, in ka ga gora ta motse, ka sani labarin ƙirarta take ba ka.