Tsohon Kwabo Da Dillalai Marasa Ladabi

Daga Kachia zuwa Kafanchan da wuya a shiga gidan da ya daɗe a rasa tsohuwa mai ajiyar tsofaffin kuɗi a ƙullin zane ko a gindin tukunya. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kafanchan, da waɗannan kuɗi aka riƙa biyan leburori, da su aka sayi citta, da su kuma talaka ya biya haraji, har ranar 1 ga Janairu 1973 da aka koma Naira da Kobo. To, yau sun zama abin nema ga malaman makaranta da ɗalibai da masu sha'awar tarihi, amma tsakanin mai ajiya da mai nema akwai dillali, kuma a nan ne gizo ke saƙar.

Idan mai kaya ya zo, sai dillali ya juya kwabon da ɗan yatsa ya jefar bisa tabarma, ya ce, "Wannan ai ƙarfen banza ne, ko 'yan gwangwan ba su so." Idan kuwa mai saye ne ya tsuguna yana duba shekara, ko ya tambayi inda aka samo, sai a fizge daga hannunsa, a ce, "Malam, in ba saye za ka yi ba, ba mu wuri." Wannan wulaƙanci dabara ce ta ciniki. Wanda aka kunyata ba ya ƙara tambaya, wanda bai yi tambaya ba kuwa shi ake cuta.

Alhali akwai abin tambaya da yawa a jikin kwabo. A 1907 aka fara buga anini, wanda goma ke yin kwabo ɗaya, da huji a tsakiya domin a zura a igiya, da tauraro mai kusurwa shida, har da rubutun Larabci. Kwabo goma sha biyu sule ke nan, sule ashirin fam guda. Akwai na 1936 masu ɗauke da sunan Sarki Edward na Takwas, wanda ya sauka daga gadon sarautar Ingila a cikin shekarar da ya hau. Akwai kuma masu ɗan harafin H ko KN, alamar ma'aikatun Birmingham da suka buga su. Shekara da harafi da lafiyar rubutu su ke yanke daraja, saboda haka dillalin da ya hana a duba ya san abin da yake ɓoyewa.

Mutanen kudancin Kaduna sun riga sun ga ƙarshen irin wannan ciniki. A ƙauyen Nok na ƙasar Jaba aka fara tono gumakan yumɓu a 1928 wajen haƙar kuza, daga baya dillalai suka kwashi da yawa zuwa Turai ba tare da an rubuta ramin da suka fito ba, ko da yake dokar kayan tarihi ta 1979 ta hana fitar da su sai da izini. Haka kwabo yake: in ya rabu da labarin gidan da ya fito, rabin amfaninsa ya tafi.

Saboda haka muna jan hankalin jama'a. Kada a goge tsohon kuɗi da toka ko lemon tsami, domin gogewa na karya darajarsa. A rubuta shekararsa da sunan wanda ya ajiye shi, a kuma ji farashi a bakin mutum biyu ko uku kafin a sallama. Wanda aka yi wa tsawa ya ɗauki kayansa ya yi gaba, kasuwa ba ta mutum ɗaya ba ce.

Su kuwa dillalai, akwai na kirki a cikinsu, kuma su ya kamata su tsawata wa 'yan uwansu, gama yaron da aka kora yau daga bakin tabarma shi ne mai sayen gobe. Shimfiɗar fuska dai ta fi ta tabarma. Allah Ya sa a gyara.