Cakulan Ɗin Dubai: Yadda Ido Ya Riga Baki Ci

A watan Disamban 2023 wata mai amfani da TikTok ta ɗauki bidiyon kanta a cikin mota tana karya wani sandan cakulan mai kauri. Koren haɗi ya malalo daga ciki, ta gatsa, aka ji garas-garas. An kalli bidiyon nan fiye da sau miliyan 100. Cakulan ɗin na kamfanin Fix ne, wanda Sarah Hamouda ta kafa a Dubai, kuma abin da ke cikinsa niƙaƙƙen fistashiyo ne, wata koriyar ƙwaya mai maiƙo kamar gyaɗa, sai riɗi da soyayyun zaruruwan kunafa, kayan zaƙin Larabawa. Abin lura shi ne, galibin waɗanda suka kamu da kwaɗayinsa ba su taɓa ɗanɗana shi ba, domin a Dubai kaɗai ake sayar da shi a lokacin. Waya ba ta isar da ɗanɗano ko ƙamshi. Launi da ƙara kawai take kaiwa, don haka abincin da ke yaɗuwa a kafafen sada zumunta shi ne wanda ya iya tsayawa gaban kyamara.

Wani zai ce ai cakulan ɗin yana da daɗi, kuma tun fil azal mai talla yana ƙawata hajarsa. Gaskiya ne, ba kuma laifin wadda ta ƙirƙiro shi ba ne da ya karɓu. Amma mai tallan kan titi yana gabanka, in ka saya ba ka ji daɗi ba, gobe ka wuce shi. A kafafen sada zumunta kuwa kamanni ake nema, kuma kamanni ya fi komai sauƙin kwaikwayo: ɗan launin abinci ma yana bayar da kore. Manyan kamfanoni sun shigo, Lindt ya fitar da nasa a Jamus a ƙarshen 2024 har mutane suka yi dogayen layuka. Bayansu ƙananan masu neman riba cikin gaggawa suka cika kasuwa. A 2025 hukumar kula da ingancin abinci ta Birtaniya ta yi gargaɗi cewa wasu da ake shigowa da su ba sa bayyana abubuwan da ke ciki yadda doka ta tanada, alhali akwai mutanen da gyaɗa kaɗan kan iya kai su asibiti. Wannan ya wuce zancen yayi.

Sunan ma haja ne, kamar yadda duk wanda ya san darajar "ɗan Dubai" a kasuwar gwal da abaya zai gane. Shi ya sa a Janairun 2025 wata kotu a birnin Kolon na Jamus ta dakatar da kantin Aldi daga sayar da wani "cakulan ɗin Dubai" da aka yi a Turkiyya.