Doguwar Tafiya A Kan Keke: Abin Da Ƙasar Dakoro Ke Nema Ga Matafiyi

A shekarar 2023 wani matashi ɗan ƙasar Gine, Mamadou Safayou Barry, ya hau keke da nufin zuwa jami'ar Azhar ta Masar. Ya yi wata huɗu a hanya, ya ratsa Mali, Burkina Faso, Togo, Benin da Nijar, kimanin kilomita 4,000, kafin a tara masa kuɗin jirgi a Cadi. Duk saurayin da wannan labari ya ba sha'awa, ya dace ya fara sanin halin ƙasarmu tukun.

A Turai masu irin wannan tafiya hawan duwatsu suke tsoro. Mu a nan sai an nausa yamma wajen Keita da Buza, cikin ƙasar Adar, ake gamuwa da hawa da gangara masu cin birki. Daga Maraɗi zuwa Dakoro kuwa, sama da kilomita 100, babu wani dutsen kirki. Wahalar tana farawa ne inda aka sauka daga babbar hanya aka doshi kwarin Tarka, Bermo ko dajin Gadabeji. Rairayi ne zalla, taya ta nutse, mahayi ya sauko ya koma turi, kaya na rinjayarsa. Masu kai hatsi kasuwannin ƙauye sun san dabarar: a ɗan rage iskar taya, a bi gefen da kofaton dabbobi bai tone ba.

Sai ƙaya. Tsidau da ƙayar aduwa ba su san sabuwar taya ba, kuma mai faci ba ya zama a daji. Wanda ya fita ba famfo, ba kayan faci, ganganci ya yi, ba jarumta ba. Sarƙa ma kada a cika mata mai, don yashi yake kwasa ya cinye haƙoran.

Lokacin sanyi ya fi, ko da yake mai nufar arewa zai sha iskar hunturu a fuska. Da bazara zafi kan haura digiri 40, don haka sammako dole ne, a fake a inuwa har la'asar. Kada a wuce rijiya ba a cika jarka ba.

In magariba ta gabato, a shiga gari a yi sallama da mai gari, a nuna takardun shaida. Shi zai ba da masauki, shi ne kuma zai faɗi hanyar da ke da lafiya da wadda ba a bi.