Sola ta kawo haske Guri, amma har yanzu itace ke dafa tuwo

A ƙaramar hukumar Guri da ke masarautar Haɗejiya, ƙaramin faifan sola ya sauya yadda dare yake. Mai watt 20 zuwa 50 ya isa ya kunna ƙwan LED biyu ko uku, ya yi cajin waya da rediyo. Ga gidan da wutar KEDCO ba ta isa ba, ko take zuwa jefi-jefi, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne, musamman tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kunna janareta ya gagari talaka.

Sai dai matsalar tana madafi. Ƙwan LED watt 5 kacal yake ja, amma risho na lantarki yana buƙatar watt 1,000 ko fiye. Sola mai ɗaukar wannan nauyi, da batirinta da inbata, ta fi ƙarfin aljihun manomi ko masunci.

A nan ne bambancin yankuna ke fitowa. A Legas ko cikin birnin Kano, magidanci na iya cika tukunyar gas a unguwarsu. A ƙauyukan fadamar Haɗejiya kuwa, itace da karan gero da busasshen kashin shanu ne abin dogaro. Idan ambaliya ta zo, kamar ta 2022, itacen ya jiƙe, hanya ta yanke, kuɗinsa ya tashi. Mata da yaran da ke kusa da murhu ne ke shaƙar hayaƙin, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yana kashe kusan mutum miliyan 3 duk shekara. Dajin Baturiya ma yana shan sara.

Wata mafita tana cikin ruwan da kansa. Ciyawar kacala, wadda ta toshe magudanan yankin bayan madatsun Tiga da Challawa sun sauya tafiyar kogin, ana iya mayar da ita makamashi. A bakin kogin Senegal ana yin gawayi da ita, kuma masu bincike a Jami'ar Tarayya ta Gashuwa sun gwada fitar da iskar gas ta girki daga gare ta.

Don haka duk shirin kai makamashi karkara da ya tsaya a ƙwan fitila, rabin aiki ya yi. Sauran rabin yana murhu: ingantaccen murhu mai rage cin itace, da gawayin kacala a farashin da uwargida a Guri za ta iya saya.