No Man's Sky: Yadda ƙorafin 'yan wasa ke zama gyara

A watan Agustan 2016 wani ƙaramin kamfani mai suna Hello Games, da ke garin Guildford a kudancin Ingila, ya fitar da wasan kwamfuta mai suna No Man's Sky. Ma'aikatan da suka haɗa shi ba su kai 20 ba. Wasa ne na yawon sararin samaniya, inda mutum zai hau kumbonsa ya sauka a wata duniya, ya haƙi ma'adinai, ya raɗa wa dabbobi da tsirrai suna, sannan ya tashi ya nufi wata. Tun ƙarshen 2013 ake ta yayata shi, kamfanin Sony ya mara masa baya, jama'a kuma suka ƙwallafa rai a kansa.

Ba a yi kwana biyu ba murna ta koma ciki. Wasu 'yan wasa biyu suka sauka a duniya ɗaya, suka tsaya wuri ɗaya a lokaci ɗaya, amma babu wanda ya ga ɗan'uwansa, alhali shugaban kamfanin, Sean Murray, ya nuna a hirarrakinsa cewa irin wannan haɗuwa mai yiwuwa ce. Wasu masu kwamfuta kuwa wasan ko buɗe musu bai yi ba. Zagi ya yi yawa har da barazanar kisa. Hukumar sa ido kan tallace-tallace ta Birtaniya ta binciki tallan wasan, kodayake ta wanke kamfanin a Nuwamban shekarar. Hello Games ya ja bakinsa ya yi shiru na kusan wata uku, sannan ya fara fitar da sabuntawa ɗaya bayan ɗaya, kyauta: Foundation a ƙarshen 2016, Atlas Rises a 2017, NEXT a Yulin 2018 wadda ta kawo cikakken wasan haɗin gwiwa, Beyond a 2019, haka dai har yau.

Me ya sa gyara ke jawo ɓarna?

Duniyoyin da ke cikin wasan sun haura 18 mai sifili 18 a bayanta, amma dukan wasan da aka sa a faifai bai wuce gigabayit 6 ba. Sirrin shi ne babu duniyar da aka zana aka ajiye. Abin da ke akwai ƙa'idar lissafi ce da kuma wata lamba ta musamman ga kowace duniya. Idan kumbonka ya tunkari wata duniya, nan take kwamfuta za ta ɗauki lambarta ta zuba a cikin ƙa'idar, ta fitar da duwatsu da teku da launin sama da irin halittun da ke wurin. Da ka tashi sai ta share. Idan wani ya zo bayan shekara daga wata ƙasa, lamba ɗaya da ƙa'ida ɗaya za su ba shi dutsen nan da ka gani, a inda ka gan shi.

A nan matsalar take. 'Yan wasa sun yi ƙorafin cewa duniyoyin sun cika kama da juna. Maganin wannan shi ne a taɓa ƙa'idar, amma da an taɓa ta komai zai motsa a lokaci guda. Mutumin da ya shafe watanni yana gina sansaninsa a bakin tabki mai korayen ciyayi zai wayi gari ya tarar tabkin ya ƙafe, ƙasar ta zama ƙanƙara ko iskar wurin ta koma guba. Haka ta faru da Atlas Rises, ta kuma sake faruwa da NEXT. Wata al'ummar 'yan wasa mai suna Galactic Hub, waɗanda suka taru a yanki ɗaya suna rubuta bayanan duniyoyinsa dalla-dalla, sai da suka yi ƙaura baki ɗaya a 2017 domin abin da suka rubuta ya daina dacewa da abin da ke ƙasa. Garin neman gira aka rasa ido.

Kamfanin ya ɗauki darasi. Lokacin da ya fitar da Origins a Satumban 2020, sai ya ƙaro sababbin duniyoyi masu manyan tsaunuka da aman wuta a cikin tsoffin rukunonin taurari, ya bar shimfiɗar ƙasar tsoffin duniyoyi yadda take domin kada gine-ginen mutane su rushe.

Ƙorafi daban, rahoto daban

Wanda ya rubuta cewa wasan ya lalace ya huce haushinsa, amma bai ba injiniya abin kamawa ba. Injiniya ba ya iya gyara matsalar da bai iya sa ta sake faruwa a gabansa ba. Rahoton da ke da amfani shi ne mai cewa: ina amfani da kwamfuta iri kaza da katin sarrafa hoto iri kaza, na shiga tashar samaniya, na buɗe akwatin kayana, na matsar da abu kaza, wasan ya rufe kansa, na maimaita ya sake rufewa, ga kuma fayil ɗin ajiyar wasana.

Abin da ya faru a makon farko ya nuna amfanin wannan. Daga cikin masu cewa wasan ba ya buɗewa, an lura da yawansu suna da tsohuwar ƙwaƙwalwar kwamfuta samfurin Phenom ta kamfanin AMD. Da aka bi sawu sai aka gano an gina wasan ne da wani rukunin umarni da ake kira SSE 4.1, wanda wannan samfurin bai san shi ba. Da aka gano bakin zaren, gyaran bai ɗau dogon lokaci ba. Ma'aikata ƙasa da 20 ba su da halin gwada wasa a kan dubban nau'o'in kwamfuta, sai dai masu saye su zama idanunsu.

Saboda haka ne kamfanin ya buɗe reshen gwaji a dandalin Steam. Duk mai so zai iya shiga ya karɓi gyara kafin kowa, bisa sanin cewa zai iya cin karo da sabuwar matsala. Idan gyaran ya zauna sai a raba wa sauran masu kwamfuta, masu PlayStation da Xbox kuma sukan ɗan jira har Sony da Microsoft su tantance. Haka nan, kafin ɗan wasa ya kai ƙara, akwai abin da ya kamata ya duba a gidansa: ya sabunta manhajar katin hotonsa, ya sa Steam ta tantance fayilolin wasan, ya cire ƙare-ƙaren da wasu 'yan wasa ke haɗawa da kansu, domin su ne kan fara karyewa bayan kowace sabuntawa.

Sauraro kuma ba ya nufin a yi duk abin da aka ce. A Oktoban 2022 sabuntawar Waypoint ta raba guraben kaya da na na'urori, lamarin da ya rage ƙarfin kumbunan da tsoffin 'yan wasa suka daɗe suna ginawa. Suka yi ca suna neman a mayar da tsohon tsari. Ba a mayar ba. Cikin makonni kaɗan aka ƙara guraben na'urori, aka kuma ƙirƙiro wasu gurabe na musamman masu ƙara wa na'ura ƙarfi. 'Yan wasa sun nuna inda ke ciwo, amma injiniyoyin ne suka zaɓi magani.

Ba kullum ake dacewa ba

A Mayun 2021 kamfanin Frontier na birnin Kambirij ya fitar da ƙarin Odyssey ga wasansa Elite Dangerous cike da matsaloli, har shugabansa David Braben ya nemi afuwa, kuma a Maris ɗin 2022 aka soke shirin kai shi kan PlayStation da Xbox. Kerbal Space Program 2 ya fito a Fabrairun 2023 bai kammala ba, rokoki na lanƙwashewa, kumbuna na zamewa daga falakinsu ba gaira ba dalili. 'Yan wasa sun aika da rahotanni masu kyau, amma a 2024 uwar kamfanin da ke haɗa wasan, Take-Two, ta sallami ma'aikatan da ke aikin a birnin Siyatil. Rahoto komai kyansa sai da wanda ake biya albashi ya karanta shi.

Hello Games ya tsira ne domin cinikin farko ya kawo masa kuɗi masu yawa, ma'aikatansa kuma 'yan kaɗan ne, don haka ya iya yin shekaru yana gyara ba tare da neman ko kwabo ba. A 2019 'yan wasa suka yi karo-karo suka kafa allon godiya kusa da ofishinsa, a 2021 kuma ra'ayoyin masu saye a Steam suka rinjaya zuwa yabo. Duk da haka alkawari kaya ne. Wanda ya biya dala 60 a 2016 sai da ya jira shekara biyu kafin ya ga cikakkiyar surar abokinsa a cikin wasan. Kamfanoni da yawa sun koyi sayar da abin da bai nuna ba da sunan za a gyara daga baya, kaɗan ne suka koyi tsayawa su gyara ɗin. Mai saye ya fi kowa sanin zafin kuɗinsa, don haka ya dubi abin da wasa yake a ranar da zai biya, ya kuma dubi tarihin kamfanin wajen cika alkawari.