Rabon Sadaka: A Watsa Wa Kowa Ko A Tara Wuri Guda?

A watan azumin 2024 jama'a suka yi dafifi wajen rabon zakkar wani attajiri a Bauchi, kowa na fatan samun kasonsa. Turmutsutsu ya ɓarke, aka rasa rayuka, akasarinsu mata. Waɗanda suka koma gida da kuɗin kuwa, abin bai wuce cefanen 'yan kwanaki ba.

Lamarin ya sake tayar da tsohuwar tambaya. Ɗan kasuwar da zakkarsa ta kama naira 500,000, ya fi kyau ya ba mutum 100 dubu biyar-biyar, ko ya saya wa mata uku masu riƙon marayu keken ɗinki da ɗan jari? Haka ma'aikacin da ke cire wani abu daga albashinsa: ya raba wa gidauniyoyi biyar ne, ko ya riƙe guda?

Malamai sun daɗe da tattauna wannan. Aya ta 60 a Suratut Tauba ta ambaci rukuni 8 na masu cin zakka. Imam Shafi'i ya fahimci cewa wajibi ne a game duk rukunin da aka samu. Imam Malik da Imam Abu Hanifa kuwa sun halatta a ba rukuni ɗaya kacal, kuma a mazhabar Malikiyya, wadda akasarin Hausawa ke bi, ana duba inda buƙata ta fi tsanani, har a iya ba matalauci guda abin da zai ishe shi shekara. Ke nan watsa kuɗi kaɗan-kaɗan da aka saba gani a ƙofar masu hali al'ada ce, ba tilas ba.

A Amurka ma an yi muhawarar. A 1997 masanin tattalin arziki Steven Landsburg ya kawo hujjar cewa idan mutum ya yarda wani aiki ne ya fi amfani har ya ba shi kashin farko, babu dalilin kai kashi na biyu wani wuri, tunda gudummawarsa ba ta kai ta kawar da matsalar ba. Mai zuba jari yana rarraba dukiya don gudun asara, amma mai kyauta, a ganinsa, yakan rarraba ne don ransa ya yi daɗi.

Cibiyar GiveWell, da aka kafa a 2007, ta ɗora aikinta kan auna abin da kowace dala ke haifarwa, ta gano tazara mai faɗi tsakanin ƙungiyoyi. Cikin 'yan ƙalilan da take fifitawa akwai Malaria Consortium, mai ba yara maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro lokacin damina, da New Incentives, mai ba iyaye mata ɗan tallafin kuɗi idan sun kai jarirai rigakafi, aikin da aka gwada a Katsina da Jigawa da Zamfara. Inda tazarar ta kai haka, rabo daidai-wa-daida yana nufin an rage wa aikin da ya fi ceton rai.

Sai dai rarrabawa na da gurbinta. Attajirin da zai ba da biliyoyi na iya cika wa ƙungiya ɗaya hannu fiye da abin da za ta iya sarrafawa. Wanda bai gama amincewa da wata gidauniya ba yana da uzurin gwada ta da kaɗan. Ga kuma haƙƙin dangi da maƙwabta, wanda ba a auna shi da lissafi. Ba wanda zai bar gwaggonsa da yunwa don wata ƙungiya ta fi iya aiki.

Ga mai ƙaramin ƙarfi, abin da ya fi dacewa shi ne ya fitar da kason zumunci daban, sauran kuma ya zaɓi wuri ɗaya ko biyu bayan ya bincika: su wa ke riƙe da kuɗin, nawa ke isa hannun mabuƙata, kuma ko za su nuna masa bayanin yadda aka kashe na bara.