Biyan kai-da-kai: mai tausa da mai aski ma'aikata ne ko masu zaman kansu?

A masarautar Gumel, wato ƙananan hukumomin Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar, mutane da dama na cin abinci da aikin hannu a jikin ɗan'adam: tausa, aski, kitso, lalle da yankan farce. Wanda ke yawo da kayan aikinsa a kasuwar Maigatari ranar Alhamis mai zaman kansa ne, shi ke yanka farashi, ribarsa da asararsa duk nasa ne. Matsalar tana wurin wanda ke zaune a shagon wani, ba shi da albashi sai kaso daga kowane mutum da ya yi wa aiki. In an yi ciniki ya samu, in ba a yi ba ya koma gida hannu rabbana, alhali tun safe yake tsare da shago.

A watan Yulin 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a dokar da ta ɗaga mafi ƙarancin albashi daga naira 30,000 zuwa 70,000. Sai dai dokar, tun yadda aka tsara ta a 2019, ta ware wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba, da masu aikin wucin gadi, da waɗanda ake biya da kamasho ko gwargwadon aikin da suka yi. Ke nan yaron shago ya faɗo cikin waɗanda aka ware ta fuska biyu: shagon ƙarami ne, biyan kuma na kai-da-kai ne.

Wannan ne ya sa wasu iyayen gida ke zaton babu wata doka a kansu, kuma zaton kuskure ne. Dokar Ƙwadago ta 1971 ta amince da yarjejeniyar aiki ko da ta baka ce. Sashe na 7 ya wajabta wa maigida ya ba ma'aikaci takardar sharuɗɗan aiki cikin wata uku. Sashe na 11 ya hana sallamar ba-zata: wanda ya wuce wata uku yana aiki sai an ba shi sanarwar aƙalla mako ɗaya, wanda ya kai shekara biyar kuwa wata ɗaya. Sashe na 5 ya hana cin tara daga ladan ma'aikaci bisa ganin dama.

To yaya ake gane ma'aikaci? Kotun Ƙolin Najeriya, a shari'ar kamfanonin Shena Security da Afropak ta 2008, ta zayyana alamomi, ciki har da yadda ake biyan kuɗi, da wanda ya mallaki kayan aiki, da ƙayyade lokacin aiki. Hukumar Ƙwadago ta Duniya ma, a shawararta mai lamba 198 ta 2006, ta ce zahirin yadda ake gudanar da aiki za a duba, komai sunan da aka laƙaba wa yarjejeniyar. A kan irin wannan ma'auni ne Kotun Ƙolin Birtaniya ta yanke a 2021 cewa direbobin Uber da suka kai ƙara sun cancanci mafi ƙarancin albashi, duk da cewa kowace tafiya ake lissafa musu. Don haka idan maigida ne ke sa lokacin buɗe shago, shi ke yanka farashi, tabarma da man tausa da injin aski nasa ne, kuma ya hana yaro aiki a wani wuri, hujjar cewa wannan yaro ma'aikacinsa ne tana da ƙarfi.

Malaman fiƙihu sun daɗe da wannan rarrabewa a babin ijara. Akwai ɗan ƙwadago na musamman, wanda ya keɓe lokacinsa ga mutum ɗaya, ya kuma cancanci lada da zarar ya miƙa kansa ga aiki. Akwai kuma na tarayya, irin tela ko marini, mai karɓar aikin kowa, wanda ake biya kan abin da ya gama. A duka biyun sharaɗi ne lada ya zama sananne tun farko.

Mafita ba ta buƙatar lauya. Maigida da yaro su zauna gaban shaidu su rubuta kason kowa, da ranar biya, da wanda zai sayi kayan aiki, da ɗan abin da za a bayar ranar da babu ciniki, da yadda za a yi in rashin lafiya ta kama mai aiki. Ƙungiyoyin masu sana'a da sarakunan aska su fitar da takarda guda da Hausa wadda kowane shago zai yi aiki da ita. 'Yan majalisarmu na tarayya kuma su nemi a sake duba waɗanda dokar albashi ta ware, domin wanda ya wuni yana jiran abokin ciniki da umarnin maigida ya yi aiki, kuma haƙƙinsa ne a biya shi.